Littafin Haidt da Wayar Ƙanwata: Abin da Ya Gano da Abin da Bai Hango ba a Zuru

A hutun ƙarshen shekara na je gida Zuru, na tarar da ɗan rikici a gidan kawuna. Ya ƙwace wayar 'yarsa, yarinya 'yar shekara 15 da ke ajin farko na babbar sakandare, ya kulle a durowa. Kwana tara ke nan ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Da na tambayi dalili, sai ya zaro tasa wayar ya kunna mini wani saƙon murya mai tsawon minti bakwai da aka turo zauren WhatsApp na tsofaffin abokan aikinsa. Mai maganar, cikin Hausa mai daɗin ji, yana cewa wani farfesa a Amurka ya tabbatar a kimiyyance cewa waya tana lalata ƙwaƙwalwar yara, musamman mata.

"To, kai ne ɗan kimiyyar gidan nan," in ji Kawu. "Gaskiya ne ko ƙarya?"

Na ce, "Kawu, a ba ni lokaci in karanta." Ban dai ce masa komai ba a kan cewa shi ma ta wayar ce labarin illar wayar ya iske shi.

Farfesan da ake nufi shi ne Jonathan Haidt, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar New York. Littafin kuma shi ne The Anxious Generation, wanda ya fito a watan Maris na 2024. Na karanta shi, na bi sawun binciken da ya dogara da su da kuma na waɗanda suka yi masa raddi. Wannan rubutu shi ne amsar da na ba Kawu, a tsawaice. Ina ganin ta shafe ka kai ma, mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane ko ƙanwa da ke riƙe da waya.

Me littafin yake cewa?

Hujjar Haidt a taƙaice ita ce: tsakanin 2010 da 2015 yarinta ta sauya kama a Amurka da ƙasashe irinta. Yara sun bar wasa a waje da 'yan'uwansu, sun koma kan babbar waya. A daidai wannan lokaci, musamman daga 2012, alƙaluma suka nuna ciwon damuwa da fargaba da yi wa kai rauni sun ƙaru a tsakanin matasa, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata. Ya lissafa illoli huɗu: raguwar cuɗanya ido-da-ido, ƙarancin barci, tarwatsewar hankali, da kuma zama jaraba. Ya ce iyaye sun tsananta tsaron yara a zahiri, sun kuma sake su sakaka a intanet. Sannan ya ba da shawarwari huɗu: kada a ba yaro babbar waya kafin ya kai kimanin shekara 14, kada ya shiga soshiyal midiya kafin 16, a hana waya a makarantu, a kuma bar yara su fita su yi wasa ba tare da manya na tsaye a kansu ba.

Littafin ya yi tasiri ba kaɗan ba. A ƙarshen 2024 majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta. Ga shi kuma ya iso har durowar Kawu a Zuru.

Inda ya yi gaskiya

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Maganar barci gaskiya ce, kuma a nan wajenmu ta fi yadda ya zata. Likitoci sun ce matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a dare. Mu kuwa kamfanonin waya suna sayar da data mafi arha ne da tsakar dare. Yaron da kuɗinsa bai kai na datar rana ba, sai ya jira ƙarfe goma sha biyu. Waɗanda suka girme ni sun tuna zamanin kiran dare kyauta, lokacin da samari da 'yan mata ke kwana suna hira har asuba, da safe a yi ta gyangyaɗi a aji. Yaron Amurka ba ya barci saboda intanet ya wadace shi, namu ba ya barci saboda bai wadace shi ba. Cikin ajin duk ɗaya ne.

Ya kuma yi gaskiya da ya ce wannan ba matsalar gida ɗaya ba ce. In ka ƙwace wayar 'yarka alhali duk 'yan ajinsu suna zaure ɗaya inda ake tura aikin gida da labarin biki, to ka ware ta ne kawai. Sai iyaye da makaranta sun haɗa baki abin zai yi aiki. Wannan shi ne sashen da ya fi amfani a littafin, kuma shi ne mai saƙon muryar ya tsallake gaba ɗaya.

Akwai ma binciken da ke mara masa baya. A 2022 wasu masana tattalin arziki uku, Braghieri da Levy da Makarin, sun duba yadda Facebook ya riƙa shiga jami'o'in Amurka ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2004 da 2006. Sun ga cewa bayan isarsa wata jami'a, alamun damuwa sun ɗan ƙaru a tsakanin ɗalibanta idan aka kwatanta da inda bai iso ba tukuna. Haka kuma takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kamfanin ya san Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. Don haka ba tatsuniya Haidt yake yi ba.

Masara da zazzaɓi

Matsalata ta farko da littafin ita ce ƙarfin gwiwar da yake magana da shi ya zarce ƙarfin hujjarsa.

A wajenmu wasu tsofaffi kan ce sabuwar masara tana sa zazzaɓi. Sun lura da wani abu na gaske: lokacin da ake gasa masara a bakin titi, lokacin ne asibiti ke cika da masu zazzaɓi. Amma ba masarar ba ce. Damina ce ta kawo masara, ita ce kuma ta tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Abubuwa biyu na iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗayan ba.

Wannan shi ne jigon raddin da Candice Odgers, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ta yi wa littafin a mujallar Nature a watan da ya fito. Ta ce an sha ganin alaƙa tsakanin yawan zama a soshiyal midiya da damuwa, amma alaƙar ba ta nuna wane ne ya jawo wani. Yarinyar da ke cikin damuwa tun asali tana iya zama ita ce ke kulle kanta a ɗaki da waya. Ka ga ke nan wayar ta zama alamar ciwon, ba tushensa ba.

Sannan alaƙar ma nawa take? A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 daga Amurka da Birtaniya. Sun gano cewa amfani da na'urori yana bayyana abin da bai wuce kashi 0.4 cikin ɗari ba na bambancin walwala tsakanin yaro da yaro. A cikin bayanan nan, alaƙar cin dankali da walwala ta kusa kai haka. Haidt da abokiyar bincikensa Jean Twenge sun mayar da martani cewa an cakuɗa kallon talabijin da soshiyal midiya, an kuma haɗa maza da mata, kuma in aka ware 'yan mata da soshiyal midiya kaɗai alaƙar ta fi haka girma. Martanin yana da ma'ana. Amma ka ga inda muke: masana suna jayayya a kan girman abin. Mai saƙon murya kuwa ya ce "an tabbatar".

Hanya mafi inganci ita ce gwaji. Gab da zaɓen Amurka na 2018, Hunt Allcott da abokansa sun ɗauki mutum 2,743, suka yi ƙuri'a, aka biya wasu kuɗi su rufe Facebook na mako huɗu. Waɗanda suka rufe sun samu rarar kimanin minti 60 a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, walwalarsu ta ɗan ƙaru, sanin labaransu kuma ya ragu. Riba ce ta gaske, amma ƙarama, kuma a kan manya aka yi gwajin. Daga nan zuwa cewa waya ta lalata ƙwaƙwalwar al'umma guda akwai tafiya.

'Ya'yan wa aka auna?

Matsala ta biyu ta fi damuna. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu sun ja hankalin duniya kan wani abin kunya a ilimin halayyar ɗan'adam: kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin ɗari kacal na al'ummar duniya. Littafin Haidt bai kuɓuta daga wannan ba. Alƙalumansa na Amurka ne, da Birtaniya, Kanada, Ostireliya da arewacin Turai.

Za ka iya cewa ai ɗan'adam ɗaya ne ko'ina. To ga misali. A watan Yulin 2019 Nejla Asimovic da abokanta sun maimaita gwajin rufe Facebook, amma a Bosniya, ƙasar da ta sha yaƙin ƙabilanci. A Amurka rufe Facebook ya rage tsamin siyasa. A Bosniya kuwa, waɗanda suka rufe na mako guda sun dawo da kallon wasu ƙabilu mafi muni fiye da waɗanda ba su rufe ba, musamman waɗanda a zahiri ba su da abokai sai 'yan ƙabilarsu. A wurinsu intanet ne kaɗai inda suke haɗuwa da "waɗancan". Manhaja ɗaya, gwaji iri ɗaya, sakamako ya juya, saboda rayuwar da ke kewaye da wayar daban ce.

Yanzu dubi ƙasar Zuru. Masarauta ce mai ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Danko-Wasagu da Sakaba. Akwai Lelna da Hausawa ke kira Dakarkari, akwai Fakkawa, Dukkawa, Kambari, Hausawa da Fulani. A gida ɗaya za ka samu mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya. Shin soshiyal midiya tana ƙarfafa wannan zama ne ko tana tsaga shi? Alƙaluman makarantun Amurka ba za su ba ka amsa ba.

Ko ma'aunin "awa nawa yaro yake yi a kan waya" ba ya zama daidai a nan. Wayar ƙanwata ba tata ba ce ita kaɗai. Da ita mahaifiyarta ke karɓar kuɗin da yayanta ke turowa. Da ita ƙannenta ke kallon zane-zane in an samu caji. Rabin yini tana shagon mai caji. Datar kanta sai an yi lissafi, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Yarinyar da Haidt ke magana a kai tana da ɗakinta, da wayarta, da intanet da ba ya yankewa. Ƙanwata tana kwana ɗaki ɗaya da mutum uku.

"A bar su su fita wasa"

A nan ne littafin ya fi yin nisa da mu. Haidt yana cewa duniyar zahiri ba ta kai hatsarin da iyaye ke zato ba, don haka a saki yara. A unguwannin da yake nufi wataƙila haka ne.

Mu kuwa mun san ranar 17 ga Yunin 2021, da aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Mun san watan Maris na 2022, da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60. Mun san Maga, a Danko-Wasagu, inda aka shiga makarantar 'yan mata a Nuwamban 2025. Uwar da ta hana ɗanta zuwa rafi ko gona mai nisa ba tsoron banza take ji ba. Ba waya ce ta kori yaranmu daga dandali ba. A ƙauyuka da dama bindiga ce ta riga ta, wayar ta zo ta tarar da su a cikin gida.

Kuma a irin wannan hali wayar tana wani aiki da littafin bai lissafa ba. Kiran da ke cewa "an ga babura sun nufo ta wajenku" shi ne ke ba mata da yara damar ficewa. Kafin ka ɗauki hanyar Ribah ko Bena, sai ka kira ka ji lafiyar hanya. Gaskiya ne wayar ce kuma masu kai wa 'yan bindiga bayanai ke amfani da ita, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka yatsa.

Maƙwabtanmu sun ga yadda rayuwa take in babu ita. Daga 3 ga Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, wadda ke iyaka da mu, daga baya aka haɗa da ƙananan hukumomi 13 a Katsina, 14 a Sakkwato, da wani yanki na Kaduna. Ba gwaji ne mai tsabta ba, domin a lokaci guda an rufe kasuwannin mako an hana sayar da mai a jarka, ba za a iya ware tasirin kowanne ba. Amma abin da mutane suka yi ya isa darasi. Sun riƙa biyan kuɗin mota daga Gusau zuwa Funtua don kawai su kira 'yan'uwa ko su ciri kuɗi. Masu POS sun zauna. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar sanar da kowa. Da aka maido da sabis kafin ƙarshen shekarar, murna aka yi.

Akwai kuma zumunci. Kowa ya san Zuru da aikin soja, da wuya ka samu dangin da ba su da wani a bariki. Yayan ƙanwar tawa yana bakin daga a Borno. A zamanin kakanninmu, soja in ya tafi sai wasiƙa, wata da watanni, a nemo mai karantawa. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 abin ya sauya, saƙon murya kuma ya ƙarasa aikin: kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana danna maɓalli ta yi wa jikanta addu'a da yarenta, ya ji muryarta a ramin da yake gadi. Haidt yana kallon waya a matsayin abin da ya maye gurbin haɗuwa ido-da-ido. A gidajenmu da yawa ba haɗuwa ta maye ba, shiru ta maye.

Haka abin yake a kasuwa. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta bi kasuwannin hatsi a Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ke isa gari bayan gari. Ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa yana iya jin farashi kafin ya ɗaura kaya. Duk manomin dawa a ƙasar Zuru ya san wannan ba tare da ya karanta ba.

Illolin da suka fi kusa da mu

Kada ka ɗauka ina wanke wayar ne. Ina cewa littafin ya nuna mana ƙofa, ɓarawonmu kuwa ta katanga yake shigowa.

Na farko jita-jita. A 2018 masu bincike uku a jami'ar MIT sun bi labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari, gaskiya kuma tana ɗaukar kusan ninki shida na lokaci kafin ta kai ga mutum 1,500. Kuma mutane ne ke yaɗawa, ba na'ura ba, domin ƙarya ta fi zuwa da sabon abu mai tayar da hankali. Ka tuna daren Agustan 2014 da aka tashe mu a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola? An ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar kashe-kashe a Filato. A Janairun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, bayan kashe-kashen da jita-jita ta jawo a Indiya. Amma saƙonnin WhatsApp a rufe suke, kamfanin ma ba ya jin abin da ke ciki. Saƙon murya da Hausa ko da C'lela ba mai tace shi sai kunnen da ya ji.

A wuri irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne. In an yi ta turo "suna zuwa, suna zuwa" ba su zo ba, ranar da za su zo ba wanda zai motsa. In kuma saƙon ya kama sunan wata ƙabila ko wani mutum cewa shi ne infoma, rai na iya salwanta kafin gari ya waye. Lura kuma, wannan ba cutar 'yan shekara 15 ba ce. A zauren danginmu, waɗanda suka fi tura abin da ba su tantance ba su ne masu furfura.

Na biyu neman aure ba shaidu. Al'adar Lelna tana da golmo: saurayi ya yi shekara bakwai yana noma wa surukinsa, shi da 'yan ƙungiyarsa, sannan a yaye su a lokacin bikin Uhola. Ba ina kiran a koma can ba ne. Dattawa da kansu za su gaya maka makaranta da addini da aikin albashi sun rage golmo tun kafin a san waya. Amma dubi abin da tsarin yake yi: yana ba da lokaci, yana tara shaidu. Kafin a ɗaura aure, gari duka ya san ko yaron nan malalaci ne ko mai zuciya. Ko zancen ƙofar gida na Hausa yana da ƙanen da ake aikowa da tabarma, da maƙwabtan da ke wucewa. Abin da waya ta cire shi ne idon jama'a. Yarinya tana iya yin wata shida tana hira da wanda ba wani nata da ya taɓa gani, ya nemi hoto, ya mayar da hoton makami. A garin da kowa ya san kowa, hoto ɗaya ya isa ya raba yarinya da makaranta. Haidt ya taɓo irin wannan, amma nauyin kunya da sunan gida a wajenmu wani abu ne da ma'auninsa bai ɗauka ba.

Na uku caca. Da can sai yaro ya shiga shago, wani ya gan shi ya kai ƙara gida. Yanzu tana cikin aljihunsa.

Duka ukun nan, ƙwace wayar yarinya ɗaya ba ya maganin ko ɗaya.

Hukuncina

Littafi ne da ya cancanci a karanta, amma a matsayin ƙarar da lauya mai iya magana ya shigar, ba hukuncin alƙali ba. Shawararsa ta hana waya a aji mai kyau ce, ba ta da tsada, kuma yawancin makarantun kwananmu dama haka suke. Jinkirta soshiyal midiya ga ƙananan yara ma ba ta da aibi. Maganarsa kan barci a ɗauke ta da gaske. Amma cewa waya ce babbar musabbabin damuwar matasa, ko a ƙasarsa ba a gama yarda ba. Ɗauko wannan a ɗora wa yarinyar da ke kwana da fargabar harbi, wadda yayanta ke fagen fama, kamar rubuta wa mai ciwon ciki maganin da aka gwada a kan masu ciwon ido ne.

Laifin ba na Haidt kaɗai ba ne. Bai ce ya rubuta don Zuru ba. Mu ne ba mu auna namu ba. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a cikin garin Zuru, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ɗalibi ɗaya mai neman digiri na biyu zai iya bin yara ɗari biyu na zango guda, ya rubuta ƙarfe nawa suke barci, wa suke magana da shi, wane saƙo ne ya tsorata su a makon, ya tambaye su da yaren da suke mafarki da shi. Wannan zai fi amfanar Kawu fiye da duk jadawalin da ke littafin.

Ga yadda muka ƙare a gida. Na zauna da Kawu bayan cin abincin dare na faɗa masa abin da na faɗa maka, a gajarce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai ba a tabbatar ba." Na ce, "An tabbatar da wani abu, Kawu, amma ba abin da mutumin nan ya faɗa ba." Muka kira yarinyar. Aka yi yarjejeniya uku. Ƙarfe tara da rabi na dare wayarta tana kwana a falo. Duk wanda ba ta sani a zahiri ba ya yi mata magana, za ta nuna wa mahaifiyarta, kuma an yi alkawarin ba duka ba faɗa. Na ukun ita ta kawo shi, kanta a ƙasa: "Baba, ku ma in an turo muku abu, ku riƙa tambaya wa ya fara faɗa kafin ku tura."

Kawu ya kalle ni, na kalli rufi. Ya tashi ya buɗe durowar. Kafin wayar ta gama kunnuwa saƙonni suka fara shigowa, huɗu daga ciki na yayanta ne daga Borno, na ƙarshen yana tambaya ko lafiya kwana tara bai ji ta ba.